Babin da Najwa Ta Ƙi Gyarawa

Ran da Najwa 'yar Malam Salihu ta dawo daga jami'a, a daminar 2006, ruwa ake tun asuba. Mota ta kafe a taɓo bayan an wuce garin Hajj Abdalla, ta ƙarasa ƙauye da ƙafa, takardunta cikin leda bisa kai.

Digiri na biyu take yi kan noman mutanenta. Aka ce kafin ta faɗi nata, sai ta tattaro abin da masana suka riga suka rubuta a babi guda. Littafi goma sha ɗaya ta karanta, duk bakinsu ɗaya: wai Hausawan yankin baƙi ne, 'yan cirar auduga kawai, masu wucewa Makka.

Ta kawo maganar kowa yadda ya faɗe ta. Amma a ƙarƙashi ta sa takardar hawasha, gonar da aka yanka wa kakanta tun zamanin Turawa, wadda babanta ke adanawa cikin gafaka.

Malamin da ke duba aikin ya ce, "Ya bitti, 'yata, wannan babin na littattafai ne. Ki cire takardar gonar, ko ki rasa shekarar nan."

"Duktur, na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk rahoto guda suka kwafa. Ba wanda ya taka ƙauyenmu. Ba ni cirewa."

Ta kuwa rasa shekarar. Ta zauna gida tana taya babanta noman dawa, ta samo irin takardar har bakwai wajen maƙwabta. Da shekara ta zagayo aka sauya mata malami, ya sa hannu, babin na nan da takardu takwas.

Yanzu Najwa tana koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a Kamlin.