Tsakiyar Buhun Albasa

Babana manomin albasa ne a Jandutsi, kuma abu ɗaya aka san shi da shi a kasuwar Aliero: ba a zazzage buhunsa. Wasu sukan cusa ƙananan albasa a tsakiya, su jera manya a baki, su ɗinke. Shi kuwa abin da ka gani a baki shi ne har gindi. Dillali yakan dafa buhun kawai ya ce a ɗauka. Gonarsa ba ta da girma, wannan sunan shi ne abin da ya mallaka.

A zangon da ya wuce, malamin kimiyyarmu a Jega ya manna wani hoto a allo. Wani dunƙulen haske ne mai siffar ƙwai, tsakiyarsa ja-ja, gefensa ya dushe. Ya ce galaksi ne, wato taron taurari marasa adadi, irin wanda ba shi da hannuwa masu murɗewa. Taurarin tsakiyarsa tsofaffi ne, kuma masana na zaton a manyan irinsa, ƙananan taurari sun fi cunkushewa a tsakiya fiye da gefe. Ƙananan ba su da hasken kirki, amma suna ƙara nauyi. Ana gane su ne daga nauyin, da 'yan alamun da suke bari a cikin hasken.

Ban ɗaga hannu ba, ban taɓa ɗagawa ba. A bayan littafina na rubuta cewa wannan buhun albasar ha'inci ne: ido na ganin manya, ƙanana na ciki. Malam ya gani lokacin da yake duba aikinmu. Ya karanta sau biyu, ya ce da wannan misalin makarantarmu za ta shiga gasar bayanin kimiyya da Hausa.

"Amma ke ba ki da murya," ya ce. "Monita za ta yi magana. Ke ki kawo muna buhu, ki tsaya kusa da shi."

Monitar ajinmu doguwa ce mai baki, takan toshe hanci in na wuce, wai ina warin albasa.

Da na roƙi Baba ya shirya mini buhun, ya daɗe yana kallona.

"Ni in sa ƙanana tsaka? Mi kika ɗauke ni, uwata?"

"Na gwaji ne kawai, Baba. Na taurari."

Ya yi dariya, ya tsinto ƙananan da Inna ke warewa don miya. Na lura hannunsa bai iya ba, sau biyu suna gangarowa baki yana sake turawa. Ranar gasa shi ya ɗauko buhun a babur har Jega, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya can baya jikin taga.

Zauren ya cika da ɗalibai daga Aliero da Maiyama, da iyaye. A layin gaba na hango dillalai biyu da na sani, 'ya'yansu na cikin gasar. Monita ta yi bayani da kyau, ban hana ta ba. Ta nuna hoton, ta nuna manyan albasar baki, sannan ta sa reza ta tsaga cikin buhun. Ƙananan suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin kujeru. Aka yi tafi. Tafin ya yi mata daɗi, sai ta ƙara abin da ba ya cikin takarda.

"Wanga buhu ba mu muka haɗa shi ba," ta ce, ta nuna ni da rezar. "Na babanta na. Ga shi can baya. Gwani na!"

Zaure ya ɗauki dariya, kawuna suka juya wajen taga. Malam ma ya dara, yana kallon alƙalan gasa ko sun ji daɗi. Abin magana yana hannun Monita, taku ɗaya tsakanina da shi. Kalma huɗu ta isa: ni na sa shi. Na tsaya ina kallon wata 'yar albasa da ta tsaya jikin takalmin wani alƙali, ɓawonta ya ɗaye gefe ɗaya. Ita nake kallo har aka gama.

Mun zo na ɗaya. Monita aka ɗauka hoto.

Ranar kasuwa ta gaba na bi Baba Aliero. Ɗaya daga cikin dillalan nan ya dafa buhunsa kamar kullum, sai ya ɗauke hannu.

"Malam, a zazzage muna. Ba don komi ba, mu ga taurari."

Na kusa da shi suka kwashe da dariya. Baba ya warware ɗinkin da kansa, ya juye buhun a ƙasa. Duk kansu ɗaya. Dillalin ya tura biyu-uku da ƙafa, ya ce a zazzage na biyu ma. Buhu shida Baba ya juye, ya durƙusa ya sake cikawa, ina taya shi. Tun daga ranar haka ake yi masa.

A hanyar gida, mun wuce gonakin gero, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Taurarin nan ƙanana, an tabbata suna can tsaka?"

"Malam ya ce ana zato."

"Zato," ya ce, ya ƙara wa babur wuta.