Tsutsar Idon Baba a Bangon Ajinmu

Ko zan manta da komai na zamanmu a Libreville, ban da ranar da na ja Baba zuwa makarantarmu kallon majigi.

Lokacin kuɗin man fetur na tashe a Gabon, har sakandarenmu ta samu majigi. Baba kuwa mai shago ne a unguwar Nzeng-Ayong, yakan kai kaya kurmi wajen masu yankan katako. Wata safiya yana alwala na hango wani abu kamar zare yana rarrafe a farin idonsa. Ihu na saka! Kafin azahar abin ya ɓace, amma zance ya zaga unguwa wai jifa ne. Aka ɗora wa amininsa, mutumin Garwa mai shago kusa da namu, wanda tare suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Port Môle suna samari. Baba ya daina ko gaishe shi. Abin ya ci mini rai, don a hannun bawan Allahn nan na taso.

Ana haka sai malamarmu ta kimiyya ta rufe tagogi ta kunna majigi. Ga jan ƙudan kurmi yana cizon mutum, ga tsutsar da yake bari a jiki, ga ta tana ratsa ido. Na miƙe ban sani ba, na ce, "Wallahi ta Babana ce!" Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba, ta ce in kawo shi.

Da na faɗa masa a gida, cewa ya yi, "Ke da bokonki! Ƙuda ne zai saka tsutsa a ido?" Ni kuwa akwai naci, sai da ya gaji ya biyo ni.

Ya takure a bencin ɗalibai da babbar rigarsa. Da tsutsar ta cika bango, ya kai hannu ya shafa idonsa. Can ya ce, "Faɗa mata ta maimaita." Aka maimaita.

Muka kama hanyar gida. Ya sayi goro, ya wuce ƙofar shagonmu, ya tsaya a ta amininsa ya yi sallama. Washegari aminin nan ne ya raka Baba asibiti.

Bayanin da na yi a gida daidai yake, amma bai shiga ba sai da Baba ya gani. Yau ni ma malama ce, kuma duk abin da zan iya nuna wa ɗalibai, ba na tsayawa a faɗa musu kawai.