Farar Ƙasar Mairo

Mairo matar Mani mai faci a cikin farar ƙasa ta tashi. Da ita uwarta take shafen ɗakuna a Ƙanƙara, ita ma ta gaji sana'ar. Mace ce marar surutu, ba a jin muryarta sai in tana korar awaki daga shanya. Aibinta ɗaya, in tana da ciki ba ta iya wuni ba ta tsotsi ɗan gutsuren ƙasar nan ba. Ta haifi biyu, wasu biyu sun zube, ga na yanzu ya tsufa.

Wata Laraba 'yarta Hamida ta dawo daga firamare da labari, ko takalmi ba ta cire ba. Wai Malam Yahuza ya ce a Turai an yi wata mata, Mari Kuri, da ta yi shekara da shekaru tana dafa ƙasa a tukunya, har ta fitar da wani abu mai haske a duhu. Wai yana da wani ƙarfi da ido ba ya gani, mai ratsa nama har ƙashi. Ana maganin ciwon daji da shi, amma ita jininta ya shanye, ta mutu.

Lokacin gutsuren na bakin Mairo. Ko wata ba a yi ba da aka duba idonta a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa.

Ta shige ɗaki, ta lulluɓa da bargo ita da kwanon ƙasar, ta zuba ido ko zai yi haske. Ta kasa rabe fari da haske. Ɗan cikin kuwa, mai yawan harbi, shiru. Ta dinga jan Hasbunallahu, gumi na bin wuyanta.

Bayan la'asar ta zura hijabi, ta iske Malam a ƙofar gidansa yana alwala, ta miƙa masa ƙasar, ta tambaya ko irin ta matar Turai ce. Ya juya ƙasar a hannu, ya ce ko kusa ba irinta ba ce. Dariya ta taso masa, ya dubi fuskarta ya haɗiye.

"Amma Maman Hamida, ƙasa ba abinci ba ce. Ki gaya masu a asibiti kina ci."

"Malam, tun hantsi bai motsa ba."

Ya ajiye butar, ya ƙwala wa matarsa kira ta raka ta.

A asibiti ma'aikaciya ta kafa abin saurare a cikin, ta matsar da shi nan, ta matsar can, ta daɗe. Sai da ta gyaɗa kai ta ce ga shi nan yana bugawa, sannan Mairo ta saki gefen hijabin matar Malam.