Fitsarin da Ya Ƙi Kwanciya

Har gobe ina ganin safiyar da aka ɗora mini wata kwalbar fitsari a kan teburina, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana a buta. A shekarun 1970 ne, wajen ƙarshensu, ina mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Gusau. Ku matasan ɗakin gwaji da inji yake buga muku sakamako kuna danna waya, ku sani mu idonmu ne injinmu.

Mai fitsarin Sani ne, saurayi ɗan Bungudu da aka tura Jamus koyon gyaran injin saƙa. Wansa, Malam Garba, direban babbar mota a hanyar Tsafe, shi ya kawo shi. A gida an ce tsargiya ce, cutar fitsarin jini, wadda kusan duk wanda ya yi wanka a rafi ya sani, saboda haka ba a ɗaga hankali ba sai da idonsa ya yi ɗorawa.

Ƙa'idar aikin ita ce a juya fitsari a inji. In tsargiya ce, jinin yana kwanciya a gindin kwalba, sama ta washe, ka kuma ga ƙwan cutar a madubin gwaji. Na Sani ya ƙi kwanciya. Na shafa jininsa a gilashi na duba, sai na ga ƙwayoyin jinin a farfashe kamar tsakin dawa. Ban taɓa ganin haka ba.

Likitanmu, wani Ba'indiye, ya je gadonsa. Sani ya ce an yi masa gyaran zuciya a Jamus kafin ya taso gida. Muka buɗe ƙirjinsa, ko ƙwarzane babu. Sai ya nuna mana ɗan tabo a matsematsinsa. Ashe an haife shi da wata ƙofa tsakanin manyan jijiyoyi biyu kusa da zuciya, aka zura siririn bututu ta cinya aka toshe ta, ba tare da yanka ba.

Likita ya saurari ƙirjin, ya ce mini, "Toshin bai rufe ruf ba. Jini yana tsartuwa ta ɗan tsagin da ya rage, yana fashewa." Gyaran ya fi ƙarfinmu. Namu kawai mu riƙe shi da ƙarin jini, har a samu hanyar mayar da shi Jamus.

A lokacin mutane sun fi tsoron ba da jini a kan allura. Malam Garba bai yi musu ba, ya miƙa hannu. Sani ya farfaɗo, har ya nemi fura. Washegari fitsarin ya sake yin baƙi, Malam Garba ya biyo ni har ɗakin gwaji.

"Malam, gaya min gaskiya. Jinin da anka ɗiba gare ni, shi na yaka fitsarwa?"

Na ce, "Shi ne. Wanda za a ƙara ma haka zai bi."

Sai ya naɗe hannun riga. Na ce doka ba ta yarda a sake ɗibarsa da wuri haka ba. Sai ya fita. Bayan azahar sai ga shi da direbobi da 'yan kamasho daga tasha, har da mutanen Tsafe da ba su san Sani ba. Duk wanda ya zauna, sai na gaya masa inda jininsa zai ƙare. Ko ɗaya bai tashi ba.

Haka muka riƙe Sani, mahaifiyarsa tana gefensa kullum, suna hira. Kafin shirin tafiya ya kammala ƙodarsa ta gaza, Allah ya karɓi abinsa.

Na je ta'aziyya Bungudu zuciyata a dagule. Na ce wa Malam Garba, "Ka ba mutanenka haƙuri, jininsu ya tafi a banza."

Ya dube ni. "Wace banza, Malam? Tun da yat tahi Turai Inna ba ta samu zama da shi ba. Da jininga ta zauna da ɗanta hat ta ƙoshi da muryatai."

Ni warkewa kaɗai na iya aunawa, su kuwa sun san darajar kwanakin da aka ƙara masa. Shi ya sa ba na yarda wani a ɗakin nan ya ce an yi asarar jini a kan marar lafiyar da ya rasu. Kafin ku faɗi haka, ku je ku tambayi uwarsa.