Harsashi Iri Biyu a Burgamin Baba Mumuni

Cikin shekaru ashirin da 'yan kai da na yi a bayan kanta, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da Baba Mumuni na unguwar Maamobi ya kawo ɗansa sayen harsashinsa na farko. A ƙarshen shekarun tamanin ne, wata Alhamis a farkon Disamba, ana cikin makon farko da buɗe farauta. Ku da kuke tsaye yanzu inda na tsaya kun sha tambayata me ya sa na bar muku guntun bututun bindiga a ƙarƙashin kanta na ce kada a jefar. To, ga dalilin.

Kantinmu na masu lasin sayar da bindigar farauta da harsashi ne, a tsakiyar Accra. Manajanmu Mista Kwei, ɗan ƙabilar Ga ne, tsohon soja mai gyaran makamai. Daga shi sai mai tsaron sito, wanda makullin ɗakin harsashi ke hannunsa, sannan mu biyu na kanta. Ni ne ƙarami, kuma ni kaɗai ke jin Hausa, don haka duk wanda ya shigo da hula da carbi sai a nuna masa ni. Ba a ba mutum harsashi don kawai ya nema. Sai ya kawo lasin bindigarsa da takardar izinin 'yan sanda, wadda ta faɗi irin bindigar da adadin da aka yarje masa. Mu kwafe a rajista, mai sito ya fito da kaya, mu ɗaure.

Ga wanda bai san aikin ba: bindigogin nan ƙwayoyin dalma suke watsawa, kuma da faɗin bututu ake bambanta su. Mai sha biyu ita ce ta kowa da kowa. Mai ashirin kuwa, duk da lambarta ta fi girma, ita ce siririya, harsashinta ya fi ƙanƙanta, ba ta dukan kafaɗa sosai. Mista Kwei yana da doka a kan wannan. In gida ɗaya sun sayi iri biyu, a ɗaure kowane daban, a kuma gaya musu baki da baki kada su haɗa su a jaka ɗaya. Na san dokar. Dalilinta kuwa na taɓa jinsa sau ɗaya, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Baba Mumuni ba baƙona ba ne. Masallaci ɗaya suke da mahaifina, Malam Haruna, a unguwar Nima, kuma yana nan ranar da aka raɗa mini suna. Gadi yake yi a wani sito, amma da an buɗe farauta sai ya ɗauki hutu ya shiga dajin Afram. Ya shekara arba'in yana harbi, da bindigar toka da farko, daga baya ya sayi mai sha biyu guda ɗaya, bai taɓa canza ta ba. Ɗansa Zakari shekararsa sha tara, yana koyon kanikanci a Abossey Okai, dogo ne siriri marar nauyi.

Wata uku kafin ranar sun zo neman shawara.

"Isaka," in ji Baba, "yaron nan ya harba bindiga na so ɗaya, ya faɗi zaune. Yanzu in zai ja kunama sai ya rufe ido. Mai rufe ido ba ya kashe gada sam, sai dai ya ji mishi ciwo ya gudu ya mutu mushe."

"Baba, ƙasa ne ya yi santsi," in ji Zakari.

"Ƙasa ya yi santsi a tsakiyar rani. Ka ji shi."

Ni na ce a nema masa mai ashirin. Zakari ya ɓata rai, ya ce abokansa za su ce bindigar yara ce. Na ce masa gada ba ta tambayar lamba, kuma gara ƙaramar bindiga da ido biyu a buɗe da babba da ido a rufe. Baba ya yi dariya ya ce ɗan Malam Haruna ya yi magana. Suka samo wata tsohuwa mai kyau, suka bi ofisoshi har lasin ya fito da sunan Zakari. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Alhamis ɗin suka shigo bayan azahar da takardu biyu, ta uba da ta ɗa. Muka ɗauki lokaci a kan zaɓin Zakari. Shi yana son mai ƙananan ƙwayoyi, wai sun fi yawa, ko ya kuskure ɗaya za ta samu. Na gaya masa waɗannan na zabo ne. A jikin gada ciwo kawai za su yi. Na zaɓa masa mai manyan ƙwayoyi, na ce ya bari ta matso taku talatin, ya nufi bayan kafaɗa, ya yi bisimilla. Mai sito ya fito da kaya, na ɗaure ƙunshi biyu kamar yadda doka ta ce. Duka iri biyun jajaye ne a wannan shekarar, in ba ka jera su ba da wuya ka lura ɗaya ya fi siranta.

Sai Baba ya sauke burgaminsa, wata tsohuwar jakar fata da ta yi baƙi don riƙo, ya kwance ƙunshinsa ya juye a ciki. Ya kwance na Zakari ma ya juye a kai, ya girgiza, ya tofa addu'a. Al'adarsu ce. Harsashin farko na yaro sai ya kwana cikin na uba don ya ɗauki sa'a, kuma da hannun uba za a miƙa masa a daji. Haka mahaifinsa ya yi masa da albarushi da dalma.

Na ce, "Baba, da an raba su." A hankali na faɗa, kamar mai neman alfarma.

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "Isaka, tun ba a haife ka ba nake harbi. Ni na riƙe ragon sunan ka."

Na yi dariya, na ce haka ne, Baba. Na raka su har bakin ƙofa, na ce Allah ya ba da sa'a. A zuciyata na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa a duk shekara arba'in ɗin nan, Baba bai taɓa riƙe harsashin mai ashirin ba sai yau.

Wajen ƙarfe huɗu Mista Kwei ya fito zagayensa, ya ga takardun ƙunshi biyu da igiyoyinsu a kan kanta. Ya tambaya, na ba shi labari, har da al'adar, ina murmushi. Shi bai yi murmushi ba. Ya shiga ofis ya fito da guntun bututun mai sha biyu da harsashin gwaji na mai ashirin, wanda babu albarushi a ciki. Ya ce in saka. Na saka. Bai tsaya a baki ba, ya zurma ciki ya ɓace, ya maƙale can gaba, daidai inda maharbi ke ɗora hannun hagu.

"Yanzu duba," ya ce da Turanci. "Me ka gani?"

Na ce ban ga komai ba, kamar ba a ɗura ba.

"Shi ma haka zai gani. Zai ɗauka mantawa ya yi, ya sa nasa a baya, ya harba. Ka gaya masa wannan?"

Na ce na ce masa a raba su.

"Ban tambaye ka haka ba."

Sai ya ce in ajiye komai in bi su.

Na hau tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa Maamobi. Matar Baba ta ce sun fita tun la'asar, za su bi motar doya da ke komawa Afram ba kaya. Na wuce kasuwar Agbogbloshie inda motocin doya ke tsayawa, na tarar motar ta tashi. A lokacin babu wayar hannu, kuma inda suke yada zango ko gidan waya babu. Na sami wani direba ɗan Zango, unguwar Hausawa, da zai tashi zuwa Afram da asuba, na rubuta takarda da ajami na ba shi, na roƙe shi don Allah ya sa ta a hannun Baba. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Sai dai sun kwana biyu suna jiran jirgin fito a bakin ruwa.

Kwana tara ina zuwa aiki ina komawa. Na sayar da harsashi, na cika rajista, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya ɗora hannu a kan kanta sai in tsinci kaina ina kallon yatsunsa. Tsoro nake ji, kuma ban gaya wa mahaifina ba.

Ranar Asabar ta biyu Zakari ya shigo shi kaɗai, da wani ƙunshi a takardar siminti. Na tambaye shi ina Baba. Ya ce yana asibiti, da sauƙi. Sannan ya ba ni labari a tsaye, bai ɗaga murya ba. A safiyarsu ta biyu gada biyu suka fito bakin wata gonar rogo. Baba ya miƙa masa harsashi, shi kuma ya bari ɗaya ta matso, ya harba ido a buɗe, ta faɗi nan take. Ɗayar ta zabura. Baba ya cusa hannu a burgami bai duba ba, ya ɗura, ya ja kunama, bindiga ta yi shiru. Ya buɗe ya ga wayam, ya ce tsufa ya zo, ya ɗura wani. Bututun ya fashe a hannunsa, ya tafi da babban yatsa da biyu na kusa da shi. Takardata ta same su da yammacin ranar, a ƙaramin asibitin ƙauye.

"Baba ya sa an karanta mishi," in ji Zakari. "Ya ce rubutun ka ya yi kyau paa."

Ya tura mini ƙunshin. Cinyar gada ce, an yi bandarta. A al'adarsu, naman farko na yaro akwai rabon wanda ya zaɓa masa harsashi.

"Ya ce in gaya maka ka iya zaɓi. Kuma ya ce kada ka damu, kai ka faɗa mishi, shi ne bai ji ba."

Duk hatsarin bindiga sai 'yan sanda sun bincika, kuma in laifin kanti ne ana iya karɓe lasin. Mako guda bayan haka wani sufeto ya zo ya duba rajista, ya karanta mana bayanin da Baba ya bayar daga gadon asibiti: ma'aikacin kanti ya ɗaure daban, ya kuma gargaɗe shi, shi ne ya ƙi ji. Sufeto ya tambaye ni ko haka ne. Na ce na ce masa a raba su. Ya rubuta, ya rufe fayil. Mista Kwei yana tsaye a gefe, bai ƙara ba, bai rage ba. Da sufeto ya fita, sai ya ajiye guntun bututun nan a gabana ya koma ofis.

Na kai naman gida, mahaifiyata ta yi miya da shi, kowa ya yaba. Ni ban ci ba, na ce cikina ne ba daɗi.

Baba bai sake shiga daji ba. Ya rayu shekaru bayan haka, kuma ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar ba. In mun haɗu a masallaci ya kan miƙo mini dama mu gaisa, hagun yana cikin aljihun riga. Zakari ya zama maharbi na gaske, da mai ashirin ɗin nan ya yi ta harbi har 'ya'yansa suka girma.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu na Zango ba taurin kai ke cutar da su a wannan sana'a ba. Tsohon da ya shekara arba'in a daji ya san abin da ya sani, kuma in ka nuna masa sabon abu da idonsa zai karɓa, domin gani ya kori ji. Mu na bayan kanta ne muke sassauta murya don kada a ce ba mu da ladabi, mu faɗi rabin magana mu ce mun fita hakki. Daga ranar, duk wanda ya sayi iri biyu, ko limami ne ko sa'an kakana, sai na miƙa masa bututun nan ya jefa harsashin da hannunsa, ya ga yadda yake ɓacewa. Wasu sun ce ɗan Malam Haruna ya yi girman kai, wani ma ya kai ƙarata wurin mahaifina. Ban damu ba. Na riga na gwada ladabi sau ɗaya, na ga abin da ya rage a hannun Baba Mumuni.