Busar ɗan Bello a Kalgo

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Bello makwancinsa a bayan rugarmu, kusa da Dalijan a ƙasar Gwandu. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi. Ya bar yaro ɗan shekara tara, Umaru, wanda riƙonsa ya dawo hannuna.

Bello mai busa sarewa ne, amma a daji, shi da shanunsa. A gidanmu haka abin yake. Ka busa wa saniya, babu mai cewa uffan. Ka busa a gaban jama'a, ka zama maroƙi, ka ja wa zuri'a abin faɗa. Shi ya sa da labari ya iso Gwandu bana cewa Umaru, da muka tura karatu, ya haɗa ƙungiyar mutum biyar suna wani kiɗa wai shi jaz, shi ne ma mai yi musu busa, dattawan gida suka kira ni. Aka ce in je Kalgo ranar wasansu, in karɓe abin busar, in taso ƙeyarsa. In ya ƙi, ya nemi wasu dangin. Na amsa da sauri, don ni ma raina a ɓace yake.

Na isa filin wata makaranta bayan la'asar, na raɓe a baya. Ga mai ganguna, ga mai fiyano, ga masu jita biyu, ga ɗanmu a tsakiya da saksafon, wata lanƙwasasshiyar algaitar ƙarfe. Na kasa kunne ina jiran ya fara kiran sunayen masu hali, in samu hujja. Shiru. Wani dillalin shanu ya miƙe ya gyara babbar riga, ya tsaya a gabansa yana jiran kirari. Umaru idonsa a rufe, bai ma san da shi ba. Da tsayuwa ta ishi bawan Allah, ya koma kujera yana cewa, "Wannan wane irin maroƙi ne da bai san mutane ba?"

Na yi dariya, sai kuma na ji hawaye. In Umaru zai ja numfashi sai ya ɗaga kafaɗar hagu, ya karkatar da kai. Wallahi na manta Bello na yin haka, sai da na gani a jikin ɗansa.

Da yana raye me zai ce? Na san halinsa. Zai fara da tsiya, ya tambaya ko ƙarfen nan ba ya ƙona leɓe a rana. Daga nan ya nemi gindin bishiya ya zauna, a tashi a bar shi.

Da aka watse Umaru ya zo ya durƙusa, ya ajiye saksafon a gabana. Ya san abin da ya kawo ni.

"Baffa, kafin ka ɗauka, faɗa mini. Na manta busar Baba. Tawa ta yi kama da tasa?"

Na ce, "Ko kusa. Ubanka shanu ne kawai ke haƙuri da busarsa. Tashi, ɗauki kayanka."

Sarewar Bello ta tsage tuntuni, shanun da suka san muryarta sun ƙare. Abin da ya rage mana na yayana yana jikin yaron nan, shi kuma aka aike ni in kora. Da dattawa suka tambaye ni yadda muka yi, cewa na yi ban ga maroƙi a Kalgo ba, maraya na gani yana neman muryar ubansa. Wanda zai iya hana shi, ga hanya nan.

Har yau ba wanda ya je. Allah ya jiƙan Bello.