Baba Kwafi-Uku da Gadojin Direba

Uwargidansa ce ta ba da shaida cewa a shekara arba'in da ɗaya da suka yi tare, ba ta taɓa ganin barci ya ƙi shi ba sai ranar wata Asabar, wata uku da suka wuce. Gari ya waye ta same shi zaune a bakin gado, shayin da ta kawo masa ya huce, yana juya tambaya ɗaya a ransa: shin ya karanta abin da ke fuskar kwamfutar kafin ya ce a danna, ko kuwa hadda ya kawo? Ta ce masa in na'urorin nan nasa sun fara bin sa har cikin ɗaki, to ya sanar da su gidan yana da mai shi. Bai yi dariya ba, a nan ta gane abin ba ƙarami ba ne. Hotunan da wani bawan Allah ya tara cikin shekara goma sha huɗu ne suka goge a ɗakin da yake koyarwa, kuma shi kaɗai ne yake zargin cewa daga bakinsa kuskuren ya fito.

Ga wanda bai san shi ba, dattijo ne siriri, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare. Shekara goma sha tara ke nan, kowace Asabar kafin ƙarfe tara, yakan turo kekensa zuwa bayan ɗakin karatu na unguwa, inda aka bar masa wani ɗaki mai taga ɗaya da tebur uku. Yakan fara da shara, ya goge fuskokin kwamfutoci da ƙyalle mai laushi, ya warware wayoyin da aka bari a cukurkuɗe, ya rataye kowace a ƙusarta. Daga nan sai ya zauna ya jira masu zuwa. Ba shi da digiri a fannin na'ura. Amma duk wanda ya sayi kyamara ya rasa inda zai danna, ko kwamfutarsa ta tsufa har 'ya'yansa suka ce a jefar, ƙarshenta a ɗakin nan yake tsintar kansa. Ana ce masa Baba Kwafi-Uku, domin ba a rabuwa da shi sai ya tambayi mutum wuri nawa ya ajiye hotonsa. A wurinsa, hoton da yake wuri ɗaya bai da maraba da wanda ba a ɗauka ba.

Masu zuwa wurinsa ba neman sana'a ke kawo su ba, sha'awa ce. Akwai wata tela da ta yi shekara tana kukan jan yadi yana fitowa kamar ruwan goro a hoto, har Baba ya sa ta kashe fitilar kyamara ta kai rigar bakin taga, launin ya dawo yadda Allah ya yi shi. Akwai wani akawu mai bin tsuntsaye, wanda Baba ya hana shi goge gilashin kyamara da gefen riga, ya kuma koya masa ya riƙa share katin ajiya a cikin kyamarar da za ta yi amfani da shi. Babban abin da aka san shi da shi kuwa shi ne raya tsofaffin kwamfutoci da buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda masu ita suka saki kyauta, kowa yana iya leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta. Kwamfutoci nawa ne aka kawo masa suna numfashi da ƙyar, suka fita suna gudu? Ba wanda ya ƙirga, shi ma bai ƙirga ba.

Yana da wata ƙa'ida wadda duk ɗakin ya sani: ba ya taɓa na'urar kowa. Tsayawa yake a bayan kujera, hannayensa biyu a goye a bayansa, shi yana faɗa, mai abu yana dannawa. Ko da mutum zai yi minti goma yana neman maɓalli ɗaya, Baba ba zai miƙo yatsa ba. Ya ce in ya danna wa mutum, to gobe ma sai an zo neman sa, shi kuwa ba dawwama zai yi ba.

Direba yana cikin tsofaffin 'yan ɗakin. Ƙato ne mai yawan dariya, babbar mota yake ja, kuma duk gadar da ya haye sai ya sami gefen hanya ya tsaya ya ɗauke ta hoto. Ya tara sama da dubu tara. Kwafi biyu yake da su, ɗaya a tsohuwar kwamfutarsa, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗan ƙaramin akwatin nan da ake jonawa da waya. Na ukun kuwa, kullum cewa yake sai ya dawo daga tafiya zai yi. In Baba ya yi masa faɗa, sai ya ce ai da Baba ne yake tuƙi, da rabin kayan motar duk safaya ce.

Ranar da abin ya faru, Direba ya kawo kwamfutar a sa mata buɗaɗɗiyar manhaja. Aikin yana buƙatar a share faifan cikinta ƙaƙaf, kuma ba abin tsoro tunda akwai kwafi a faifan waje. Al'adar Baba ce a cire wannan faifai kafin a fara, amma ranar ya zame bayan jakar kyamara da wayarsa a jone, Baba bai gani ba. Kwamfuta ta jero layi biyu, girmansu ɗaya, tana tambayar wanne za a share. Ɗaki ya cika da surutu. Baba ya sunkuyo ya ce na sama, Direba ya danna, aka kira Baba wani tebur. Da aikin ya ƙare aka sake kunna kwamfutar, sai tsohuwar manhaja ta taso kamar ba a yi komai ba. Direba ya ɗauka bai danna daidai ba ne, ya maimaita aikin shi kaɗai, wannan karon ya zaɓi ɗaya layin. Haka kwafin biyu suka tafi cikin awa ɗaya.

Da ya gane, sai ya riƙe kansa yana cewa shi ya danna, har sau biyu ma, hannunsa ne ya cuce shi. Kowa a ɗakin ya yarda da haka, domin kowa ya san Baba ba ya taɓa na'ura. Abin da Baba ya iya faɗa kawai shi ne a kashe kwamfutar, a cire faifan, kada a sake rubuta ko harafi ɗaya a kansu. Ya naɗe su a ƙyalle ya tafi da su gida.

Ƙa'idar da ya yi shekara goma sha tara yana alfahari da ita, ita ce ta wanke shi a idon jama'a, kuma da ya yi shiru da har abada ba mai tuhumar sa. Amma ya san abin da ya ɓoye har ga matarsa. Fiye da shekara guda ke nan ƙananan rubutu sun daina fito masa. Ya haddace inda kowane abu yake a fuskar kwamfuta, yana faɗa daga ka, ana yaba masa kaifin ido. Faifan ciki ya saba zama a layin sama. Ranar nan na waje ne ya hau sama.

Bai sha shayin ba. Ya hau keke zuwa tashar manyan motoci, ya tarar da Direba yana ɗaure tamfol.

"Direba, ka daina zagin hannunka," in ji shi. "Ni na ce maka na sama, kuma ban karanta ba. Idona ya daina ganin ƙaramin rubutu tun bara, na ɓoye muku."

Direba ya daɗe yana jan igiya bai juyo ba.

"Baba, da ka bar ni da laifina, da ya fi mini sauƙi. Yanzu da wa zan yi fushi?"

Sannan ya faɗa masa abin da bai faɗa a ɗaki ba. A cikin hotunan akwai guda ɗaya na mahaifinsa, wanda shi ya koya masa tuƙi, yana tsaye a kan gada a tafiyarsu ta ƙarshe tare. Tsohon ba ya son kyamara, ba shi da wani hoto a duniya sai wannan. Direba ya hau motarsa ya tayar, bai yi sallama ba.

Daga tasha Baba ya wuce gidan Malamar Kimiyya, wadda ta shiga ɗakin nan shekara goma da suka wuce ba ta san yadda ake riƙe linzamin kwamfuta ba, yanzu kuwa ita ake tura wa abin da ya gagara. Ya ce mata, "'Yata, ki ara mini idonki." Ita tana karantawa, shi yana faɗin abin da za a yi, suka sa wata manhajar kyauta mai bin faifai lungu lungu tana tono abin da aka share. Kwana huɗu na'ura tana aiki. Hotuna dubu bakwai da ɗoriya suka dawo, ba suna, ba tsari, sai lambobi. Sauran, galibinsu na shekarun farko, sabuwar manhaja ta riga ta zauna a kansu, sun tafi ke nan. Malama ta bi waɗanda suka dawo ɗaya bayan ɗaya tana neman gadar da mutum yake tsaye a kanta. Ta same ta a rana ta shida. Daga ƙirji zuwa sama hoton lafiya lau: hula, furfura, ido a ƙanƙance saboda rana, hannu a kan ƙarfen gada. Daga ƙirji zuwa ƙasa toka ce shafe, babu komai.

Asabar ta zagayo, Baba ya miƙe a gaban kowa ya faɗi abin da ya faɗa a tasha, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Tela ta so ta kare shi, ta ce ai dannawa ta biyu ba da shi aka yi ba. Ya ce ta biyu daga ta farko ta fito. Direba bai zo ranar ba, bai zo ta gaba ba. Sai a mako na uku ya shigo, ya gaida kowa sama sama, ya zauna inda Malama ta nuna masa. Ya ƙura wa hoton ido. Daga baya ya share fuska da tafin hannu.

"Dama takalman tsohon nan ba abin kallo ba ne," in ji shi. "Baba, zo ka gan shi. Matso kusa, tunda yanzu mun san halin da ake ciki."

Har yau ana zaman saka wa hotunan suna. Direba yana gane kowace gada da ƙirar ƙarfenta, yana faɗa ana rubutawa, yana ƙara labarin inda taya ta fashe masa, wanda ba wanda ya tambaye shi.

Baba, kai ne malamin da ya goya hannunsa a baya domin namu su koya. Kai ne ka nuna mana cewa na'urar da aka yanke wa ƙauna tana da sauran amfani, kuma ilimin da aka samu a buɗe, a buɗe ake bayar da shi. Amma ba don waɗannan kaɗai muke ɗaga kai in an ambace ka ba. Da yawa daga cikinmu mun yi shekaru a jami'a, mun fito da iya lulluɓe kuskure da dogon bayani, har mai gaskiya ya koma yana ba mu haƙuri. Kai kuwa mafita ta zo maka har ƙofa, ɗaki guda ya shaida ba ruwanka, ka ƙi ta, ka hau keke da idon da ba ya gani sosai ka je ka karɓi laifinka daga hannun wanda ya riga ya ɗauka. Ka san abin zai iya cin sunan da ka gina a shekara goma sha tara. Wannan darasin ba ya cikin kowace manhaja, kuma shi ne ya fi tsaya mana a rai.

Mun gode, Baba Kwafi-Uku. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske. Duk wanda ya iya wani abu, ko da saita kyamara ne, ya nemi wanda bai iya ba ya tsaya a bayansa. In kuma ya kai shi ga kuskure, ya riga kowa faɗa.

Ranar Litinin da ta wuce, Baba ya shiga ofishin shugabar ɗakin karatu, ya roƙi a cire sunansa daga takardar mai kula da zaman Asabar, a sa na Malamar Kimiyya. Bai shaida wa kowa ba, bai yarda a yi taron bankwana ba. Da Malama ta iso ranar Asabar, ta ɗauki takardar da masu neman shawara suke rubuta suna da buƙatarsu. Sunansa ne na huɗu, da manyan haruffa masu ɗan karkata, a gabansa ya rubuta: yadda zan sa kwamfuta ta riƙa karanta mini rubutu da murya. Ta ɗaga kai, ta gan shi zaune a kan benci tsakanin Tela da Akawu, tsohuwar kwamfutarsa a kan cinya, yana jiran layi ya zo kansa.